Amsa: Hoton majigi ya karkace a gidan kallon ƙwallo

Malam, ka ce majigin da ka saya wa gidan kallonka na unguwar Mabera a Sakkwato yana fitar da hoto mai faɗi daga sama, tsukakke daga ƙasa, ga dishi-dishi. Na'urar lafiyarta ƙalau, zamanta ne bai yi daidai ba.

Ka ajiye ta ƙasa ka ɗaga bakinta sama, shi ya jawo karkacewar. Ka sa kafinta ya yi mata kanta mai tsayi, ko a rataye ta a silin, gilashinta ya kalli tsakiyar faɗin allon kai tsaye. Akwai maɓallin kiston da ke miƙe gefunan hoto, amma ni ba na son a dogara da shi, domin matse hoton yake yi, sai ka ga rubutun sakamakon wasa ya dusashe. Ka taɓa shi kaɗan, bayan ka gama daidaita zaman.

Girma kuwa tazara ce. Yawancin majigin gida, in kana son faɗin mita 2, sai ka ja baya kamar mita 3, amma hoto na ƙara girma haske na raguwa. Sannan ka murza zoben da ke bakin gilashi a hankali har lambar rigar ɗan wasa ta fito tar.

A saitin majigin ka sa siffar hoto a 16:9, wato mai faɗi irin na talabijin ɗin zamani, in ba haka ba 'yan wasa su koma dogaye sirara. Wajen kai hoto cikin majigin ka yi amfani da wayar HDMI, ka bar tsohuwar wayar bidiyo mai rawayan kai ɗin nan.

Ƙurar hunturun Sakkwato kuma ba sai na faɗa maka ba. Ka riƙa kakkaɓe matatar iska, gilashin kuma ƙyalle mai laushi kawai, kada yara su goge shi da bakin riga.