Ga ɗan'uwan da ya bar tseren Legas saboda ciwon ƙwauri

Wa alaikumus salam. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce ka shiga gudun famfalaki na Legas, bayan ka sauko daga gadar Third Mainland ƙwaurinka na hagu ya riƙa suka har ka fara ɗingishi, ka fita gefe ka haƙura. Yanzu abokai na yi maka tsiya, kana tambaya ko da ka daure ka ƙarasa, kuma ko za ka iya shiga wani tseren a wata mai zuwa.

Tsayawar da ka yi daidai ce. Tseren wata mai zuwa kuma ka cire shi daga ranka tukuna.

Na daɗe ina wannan gudu, kuma abin da na lura shi ne ciwo iri biyu ne a kan hanya, sabon shiga ba ya bambanta su. Akwai na gajiya: cinyoyi su yi nauyi, sha-raɓa ta ɗaure, ƙafafun biyu su yi tsami tare, musamman in an wuce kilomita 30 daga cikin 42 ɗin. Wannan kowa yana sha, kuma shi ne ake cewa a daure. In ka rage sauri, ka sha ruwa, ka ɗan taka da ƙafa, yakan lafa. Na biyun kuwa wuri ɗaya yake zama, a ƙafa ɗaya, za ka iya ɗora yatsa a kansa ka ce ga shi nan. Duk takun da ka yi ƙaruwa yake, kuma yana canza maka yadda kake taka ƙasa. Da zarar ɗingishi ya shigo, magana ta ƙare. Jiki magayi ne. Mai ɗingishi yana jibga nauyinsa a kan ƙafar da ke lafiya, sai ya je gida da ciwo biyu, na ƙwauri da na gwiwa ko ƙugu.

Yadda ka kwatanta naka ya sa nake zargin tsagewar ƙashi, irin wadda yawan dukan kwalta ke jawowa a hankali. Ni ba likita ba ne, shi ya sa nake cewa ka je wajen likitan ƙashi. Amma ka san wani abu: wannan tsagewar sau da yawa ba ta fitowa a hoton ƙashi na farko, sai bayan mako biyu ko uku, ko kuma a na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI. Idan an ce hoto bai nuna komai ba alhali in ka danna wurin kana zabura, ka koma a sake dubawa. Kada ka kai wa mai ɗori ya murza, ba targaɗe ba ne. Na san wani abokin atisayenmu da ya ƙarasa tsere da irin wannan ciwon don kada a yi masa dariya. Ya karɓo lambar yabonsa, amma sai da ya kusa shekara bai sake gudu ba, alhali tsagewa mai sauƙi takan warke cikin mako 6 zuwa 8 in an ba ta hutu.

Masu yi maka tsiya na tabbata za su kawo labarin John Stephen Akhwari, ɗan Tanzaniya da ya faɗi a gasar Olamfik ta 1968 a Meziko, ya ɗaure gwiwa ya ƙarasa na ƙarshe, sama da awa ɗaya bayan Mamo Wolde na Habasha ya lashe tseren. Jarumta ce, ba musu. Amma shi tutar ƙasa ya ɗauko, kai kuwa ranar Litinin aiki za ka fita da ƙafar nan ka nemo wa iyali abinci. Su kuma tuna cewa Haile Gebrselassie, a lokacin da yake riƙe da tarihin duniya na awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 59, ya fita daga tseren New York a 2010 saboda gwiwa. Takaici ya sa a ranar ya ce ya yi ritaya, daga baya ya janye maganar ya ci gaba da gudu. Eliud Kipchoge ma, mai zinare biyu na Olamfik, ya tsaya a Faris a 2024 wajen kilomita 30. Waɗannan gudu ne sana'arsu.

Wani abin da nake gani yana ba ni tsoro shi ne masu haɗiyar ibuprofen ko diclofenac kafin a tashi ko a tsakiyar hanya. Maganin zai rufe maka ciwon, ka yi ta taka ƙashin da ke tsagewa, ga shi kuma yana wahalar da ƙoda a jikin da ruwa ya riga ya ƙare masa. Mu da muke atisaye a busasshiyar iskar hunturu ta arewa, in muka sauka Legas a watan Fabrairu gumi kawai muke zubarwa saboda laimar teku. Duk wanda ya ga fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi bayan tsere, ko jiri ya ɗebe shi, asibiti zai nufa a ranar.

Batun dawowa kuma, a yanzu ƙanƙara a cikin tsumma, ɗaga ƙafa, da hutu. In likita ya yarda, keke ko iyo za su riƙe maka numfashi. Sai ka iya tafiyar rabin awa babu ciwo, ka iya tsalle a kan ƙafar ita kaɗai babu suka, sannan ka fara haɗa tafiya da sassarfa, kwana ɗaya gudu kwana ɗaya hutu, a filin ƙasa ko ciyawa. Ka duba takalminka ma. Na gwanjo yakan yi kyau a ido alhali sosonsa ya mutu tun a ƙafar mai shi na farko. Ka fara da tseren kilomita 10 kafin ka sake tunanin 42, na Legas kuwa duk shekara ake yi tun 2016.

Ka faɗa mana nisan da kake yi a mako kafin tseren, da ko ka ƙara shi farat ɗaya a makonnin ƙarshe, don galibi daga nan matsalar ke farawa.