Ƙauyenmu mutum nawa ne? Amsa ga ɗan'uwa mazaunin Faransa

Wani ɗan'uwa daga Faransa ya rubuto cewa ƙungiyarsu ta 'yan ci-rani tana neman tallafi don gina fanfon ruwa a ƙauyensu da ke yankin Mayahi, jihar Maraɗi. Masu ba da kuɗin sun ce a rubuta yawan jama'ar ƙauyen, girmansa, da hanyar da ake bi a isa. Ya ce shi rabonsa da gida ya daɗe, ko ya ƙiyasta kawai?

Ɗan'uwa, Allah ya saka muku da alheri, amma kada ka ƙiyasta. Lambar da kuka rubuta ita za a bi wajen auna girman tanki da yawan kawunan fanfo. In kun kumbura ta aka gano, an daina yarda da ku ke nan. In kun rage, mata za su ci gaba da layi tun asuba.

Lambar hukuma tana nan. A ƙidayar 2012 an samu mutum 17,138,707 a Nijar, jihar Maraɗi kuma sama da miliyan 3 da dubu 400. Bayan ƙidayar, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta fitar da kundin garuruwa mai suna RENALOC, inda aka jera ƙauyuka da yawan mutanensu da gidajensu. Ka tura wani amintacce ma'aikatar magajin gari ya nemo ta ƙauyenku, a sa hannu a buga hatimi. A kula da rubutun sunan, domin Gidan Wane da Garin Wane suna da yawa a Maraɗi, sai an haɗa da sunan komin ake bambancewa. Ku rubuta ƙarara cewa lambar ta 2012 ce. Jama'ar Nijar na ƙaruwa da sama da kashi 3 cikin 100 a shekara, saboda haka ku roƙi mai gari da ma'aikacin likita su ba ku lissafin da suke aiki da shi yanzu, ku ajiye su gefe da gefe. Kada a manta da rugagen Fulani da tungayen da za su sha ruwan, da kuma dabbobi.

Batun girma kuwa, ku faɗi yawan unguwanni da gidaje. Filin da za a haƙa shi ya fi buƙatar takarda: wanda ya bayar ya sa hannu gaban mai gari da kwamitin filaye, don kada magada su tayar da magana gobe.

Hanya ce wurin da nake so ka tsaya sosai. Babbar kwalta ta RN1 tana tasowa daga Yamai, ta ratsa Maraɗi, Cadawa, Agiye, Gazawa da Tasawa zuwa Damagaram, kuma a Cadawa hanyar Mayahi take rabuwa. Daga nan fa? Ku rubuta kilomita nawa ne jar ƙasa, nawa ne rairayi zalla, ko akwai kwarin da ruwa ke cikawa, ko mota tana shiga kullum ko sai ranar kasuwa, sauran ranaku kabu-kabu da amalanke. Motar haƙa rijiya nauyi gare ta, rairayin yankin Gulbin Kaba kuma ba ya wasa. Ɗan kwangilar da aka ɓoye wa wannan zai dawo ya ƙara farashi bayan an gama rabon kuɗi.

Ku tsara aikin ya faɗo bayan girbi, tsakanin Nuwamba da Mayu, kuma kafin ku aika takardar ku sa wani direban tashar Mayahi ya karanta bayanin hanyar ya gyara muku.