Amsa: me ya haɗa maganin amosanin gaɓɓai da korona?

Ɗan'uwa, ka tambaya dalilin da ya sa likitoci ke ba mai korona maganin amosanin gaɓɓai, to ba kuskure ba ne wallahi. Yawanci abin da ke kayar da mutum a mako na biyu garkuwar jikinsa ce ta haukace, ƙwayoyin halittar jiki suna ta aika wa juna saƙon yaƙi ba ƙaƙƙautawa har huhu ya kumbura ya cika da ruwa. Ɗaya daga cikin 'yan aiken shi ne IL-6, idan ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙwayar halitta sai wasu sinadarai da ake kira JAK su ɗauki saƙon su kai ciki. A cikin magungunan amosanin gaɓɓai, tocilizumab ƙofar yake tsarewa, shi kuma baricitinib JAK ɗin yake riƙewa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta amince da baricitinib a Janairun 2022 ga waɗanda ciwon ya tsananta.

Amma don Allah kar kowa ya je kemis ya saya. Garkuwa yake rage wa ƙarfi, mai tarin fuka a ɓoye sai ya tayar masa da shi, kuma tibi ba baƙo ba ne a wajenmu.