Amsa ga mai tambaya daga Katsina: tsofaffinmu na Maraɗi da ƙarancin jini

Ƙanwata, kin tambaya ko gaskiya ne mu mutanen Maraɗi ba ma kai tsohonmu gidan likita sai ya kwanta, kuma me muke ba shi idan an ce jininsa ya yi ƙasa. Sama da shekara 200 ke nan da kakanninmu suka baro Katsina suka zauna bakin gulbi, don haka yawancin abin da zan faɗa kin san irinsa a gidanku.

Tsoho a wurinmu ba ya rasa kulawa. Shi ake fara ɗibar wa fura da hantsi, shi ake kai wa kunu da safe, da dare tuwon gero miyar kuka. Sai dai ki duba cimar nan da kyau. Haƙora sun zube, nama ya gagara, in ma an sa wa kaka tsoka a kwano, ɓoye ta take yi har jikanta ya dawo makaranta. Maza kuwa suna tashi daga kan akushi sai fada, wato majalisar hira, a ɗora shayi mai kauri, alhali shayi a kan abinci yana hana hanji ɗaukar sinadarin ƙarfe da ake gina jini da shi. A haka jinin ke raguwa a hankali, mu kuma muna ta cewa tsufa ne. Tsohuwa ta miƙe daga alwala jiri ya ɗebe ta, tsoho ya je masallacin ƙofar gida ya dawo yana haki, zuciya na bugawa, a ce ai shekaru ne. Wannan magana ita ta fi ci mini rai, domin faɗuwa ɗaya kan karya ƙugun tsoho, kuma zuciyar da ta daɗe tana aiki da jini kaɗan gajiya take yi.

Babban abin da ke ba mu wahala shi ne kawaici. Uwa ba za ta iya gaya wa ɗanta na fari cewa bayan gidanta ya koma baƙi ko basir na zubar mata da jini ba, balle suruka. Shi ya sa muke bi ta hannun jikoki. Jika mai wayo zai zauna gefen tabarma yana tsokana, "Matata, yau ba kwalliya?", ya kama hannunta ya dubi tafin, ya ja fatar idonta ta ƙasa ya ga ko ta yi fari. Abin da ta ɓoye wa 'ya'yanta, a cikin wasa take faɗa masa.

Maganin gida kuwa, muna dafa karan dafi, muna ba da zoɓo, kwaɗon zogale da ƙuli, da soyayyar fara a lokacinta. Ban raina zogale da fara ba, abinci ne mai amfani, musamman in an matsa lemun tsami. Amma jan ruwa ba jini ba ne, haka ma Maltina da madarar da kuke haɗawa a can. Hanta da aka dafa ta yi laushi, ƙwai, wake da nono sun fi su aiki, kuma bitamin B12, wanda shi ma ake gina jini da shi, ba a samunsa sai a abin da ya fito daga dabba.

Abin da ya canza a shekarun nan shi ne awon jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce namijin da awonsa ya gaza 13, ko macen da ba ta da ciki da nata ya gaza 12, yana da ƙarancin jini. Ga tsoho, samun lambar mafari ne kawai, sai an nemi inda jinin ke tafiya. Wani ƙodarsa ce ta raunana, wani gyambon ciki ne, wani tsutsa, wani kuma ciwon daji na hanji. Da yawa kuma ƙwayoyin ciwon gwiwa ne da ake saye hannun masu talla a kasuwa, irin su diclofenac da ibuprofen, suke cinye masu ciki suna sa jini na tsiyaya a ɓoye.

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5, amma tsoho daga aljihu ne. Don haka karo-karo muke yi, na gida ya kawo, na Agadas da na Legas su aiko. In abin ya kai ga ƙarin jini, samarin dangi ake tarawa su je su bayar, har yanzu kuma sai an lallashi wasu, ana nuna masu jiki na mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni.

Ke da kika ce Inna na yawan jiri, ki kai ta a auna ta cikin makon nan, ki zuba duk magungunan da take sha a leda ki nuna wa likita, har da na gargajiya. In an rubuta mata ƙwayar ƙarin jini, ki gaya mata tun farko cewa tana baƙanta bayan gida, tana kuma iya ɗaure ciki, kada ta tsorata ta daina sha, don wata da watanni ake yi ana shan ta.