Yadda tsiro ke haɗa sinadarin oksin

Ka yi tambaya kan yadda tsiro ke samar da oksin, sinadarin da ke sa shi tsawo da karkata wajen haske. Tushen oksin tiriftofan ne, ɗaya daga cikin tubalan furotin. Enzayim (furotin da ke hanzarta sauya sinadarai) mai suna TAA1 ne ke fara cire wa tiriftofan wani ɓangarensa da ake kira rukunin amino, ya mayar da shi wani sinadari mai suna IPA, sannan enzayim YUCCA ya yi amfani da iskar oksijin ya mayar da IPA zuwa IAA, wato oksin ɗin kansa. Linzamin aikin yana hannun YUCCA, domin matakinsa ne ke iyakance yawan abin da ake samu. Aikin ya fi ƙarfi a tohon kan tsiro da ƙananan ganye, kuma oksin da ke saukowa daga can yana danne rassan gefe, shi ya sa idan ka tsinke kan tsiro rassan gefe ke samun sararin fitowa.