Yatsan 'yata ya fi sauran girma, ko daji ne?

TAMBAYA: Likita, 'yata shekararta 4. Tun haihuwa yatsanta na biyu a ƙafar dama ya ɗara sauran, yanzu har ya fi babban yatsa kauri, na ukun ma ya fara bin sa. Ba ya mata ciwo, sai dai takalmi ba ya shiga. An ɗauki hoto an ce kitse ne ya yi yawa. Ko daji ne? Ko wani abu na ci ina da cikinta?
Daga wata uwa.

AMSA: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Ban ga yarinyar ba, amma bayaninki ya yi kama da lalurar da likitoci ke kira makrodistrofiya lipomatosa, sunan da wani likita Feriz ya ba ta a 1925. Ba daji ba ce, ba ta yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki. Kitse ne da nama mai zaruruwa ke girma fiye da kima, su ja ƙashi ya yi tsawo da kauri. Ta fi kama yatsa na biyu da na uku, a hannu ko ƙafa, galibi ɓangare ɗaya.

Batun abin da kika ci kuwa, ina so ki cire shi a ranki gaba ɗaya. Wani canji ne kan faru a ƙwayar halitta mai suna PIK3CA tun jariri yana ciki, a 'yan ƙwayoyin wurin kaɗai. Ba ke kika jawo ba, ba gado ba ne, ƙannenta ba sa cikin wani haɗari na musamman.

Hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura mai maganaɗisu, ya fi komai amfani a nan, domin yana nuna kitsen da yadda ya kutsa cikin jijiyar da ke kai saƙon ji, ya kuma bambanta lalurar da kumburin hanyoyin jini.

Abin da ba zan ɓoye miki ba: yatsan zai iya ci gaba da girma har ta balaga, sannan yawanci ya tsaya. Tiyata na taimakawa, ko a rage kitsen, ko a tsayar da girman ƙashin idan yatsan ya kai tsawon na babban mutum, wani lokaci a cire yatsan don ƙafar ta daidaita. Sai dai kitsen kan dawo, a sake aiki. Shi ya sa lokacin da za a yi aikin yake da muhimmanci, kuma ba na son ki jira sai ta fara ɗingishi. Akwai magani mai suna alpelisib da Amurka ta amince da shi a 2022, amma na masu lalura mai tsanani ne, yana kuma iya ɗaga sukarin jini.

Ki kai ta wurin likitan ƙashi na yara yanzu. Kada ki bari kowa ya tsaga wurin ko ya ɗaure shi. Kafin nan a samar mata takalmi mai faɗi, ko da kowace ƙafa da lambarta, ki riƙa duba fatar yatsan saboda gyambo.