Juyen man giyar otomatik a ƙofar gida: amsa ga yarona

Yarona, na saurari saƙonka. Ka ce kawunka na wajen Gujungu yana so ka yi wa Hilux ɗinsa juyen man giya a ƙofar gida idan ka je ranar Juma'a, don ya ga ana yi a waya kuma bai ga abin wahala ba. Ka ce direbobin tasha kuma sun tsorata shi, wai giyar otomatik ba a taɓa mata mai, ranar da aka juye ranar take mutuwa. Kana so ka san gaskiyar wannan magana, da kuma ko kai za ka iya aikin.

Za ka iya. Amma ka sani zubar da tsohon mai shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, yaron da aka kawo mana gareji makon jiya ma zai kwance noti ya tara roba. Inda ake gane bakanike shi ne wane mai ya zuba, nawa ya zuba, kuma me ya karanta a jikin wanda ya fito.

Bari in fara da maganar 'yan tasha, don ba ƙarya ce zalla ba, sun ga wani abu ne suka yi masa mummunar fassara. A giyar hannu, babban aikin mai shi ne sa wa haƙoran giya santsi. A otomatik kuwa man ne ke ɗaukar ƙarfin inji a cikin kwambata, wato tulun ƙarfen da ke tsakanin inji da giya, ya miƙa wa giya, shi ke matse faibobi, wato faya-fayan kuloci na cikin giya, su kama, shi ke bi ta ƙananan hanyoyin balbodi, wato gidan bawul-bawul na giyar, ya canza lamba, shi ke kwashe zafi ya kai lagireto. Faibobin nan ka gan su da idonka lokacin da muka buɗe giya, fatarsu siririya ce, suna cinyewa a hankali, garinsu yana zuba cikin mai. To mutumin da ya yi shekaru yana loda shinkafa da riɗi bai taɓa tuna man giya ba, yaushe yake tunawa? Sai ranar da mota ta fara ihu ba ta tafiya. A lokacin faibobi sun riga sun ƙare, tsohon man mai kauri da gari shi ke ɗan taimaka musu su riƙe. Aka zuba sabo mai tsabta, sai zamewar ta fito fili. Mai mota ya ce juye ne ya kashe masa giya, alhali da ajalinta ta shigo gareji. Sauran waɗanda suka mutu bayan juye kuwa, in ka bincika, ko an zuba man da ba nata ba, ko an bar ta da ƙarancin mai, ko ƙasa ta shiga.

Saboda haka kafin ka ɗauki sifana, ka karɓi makulli ka tuƙa ta da safe tana sanyi. Ka taka birki ka sa D, ka ji ko tana kamawa nan take ko sai ta yi jinkiri sannan ta buga. Ka gwada ribas haka nan. A kan hanya ka saurara, idan inji ya ɗaga murya tsakanin lamba da lamba mota ba ta ƙara gudu ba, zamewa ce. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka taɓa komai, ka ce wa kawu da ladabi a kawo ta Ringim mu duba tare. Motar dangi ce, in ta tsaya a hannunka har bikin jikokinka ana ba da labari.

In lafiyarta ƙalau, sai ka buɗe bonet ka gane da wace giya kake magana. Tsofaffin masu lamba huɗu suna da gejin man giya, wato sanda ta biyu bayan ta baƙin mai, can baya kusa da bangon inji. Irin man da take sha yana rubuce a jikin sandar ko a littafin motar, wasu mai suna Dexron, wasu mai suna T-IV. Na baya-bayan nan, musamman masu lamba shida da suka fara fitowa a 2015, man da ake kira WS suke sha, kuma ba su da geji sam. A irin waɗannan za ka ga an buga WS a kan notin zuba mai da ke gefen giyar. WS ya fi tsofaffin man ruwa-ruwa, kuma da shi aka tsara yadda faibobin za su kama. Kada mai shago ya ce maka ai duk ja ne. Jan man nan na ƙananan robobi da muke zubawa a sitiyari ba ya shiga giyar WS, na CVT kuma, wato wata irin giyar otomatik daban, ba ya shiga ko wacce a cikinsu. Jabu ma ya yi yawa a kasuwa, don haka ka bar kawu ya ba da kuɗin a sayo a Ƙofar Ruwa ta Kano wurin mutumin da muke hulɗa da shi, ka duba murfin galan bai taɓa buɗuwa ba. In kuɗin man asali ya yi masa yawa a wannan watan, gara a ɗaga aikin zuwa bayan girbi da a zuba na shakka.

Wurin aiki kuma, ƙofar gidan ƙauye yashi ne da gangare. Ka nemi daɓen siminti ko ƙasa mai tauri wadda ta daidaita. Hilux tana da tsayi, siririn mutum irinka zai shiga ƙarƙashinta ba tare da an ɗaga ba, kuma hakan ya fi, don ma'aunin mai yana so mota ta tsaya daidai. Ka ja birkin hannu, ka sa duwatsu gaba da bayan taya. Ban yarda ka kwanta ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai ba, ko na minti ɗaya. In iska na tashi da ƙura, ka jira. Mazurari da tiyo da famfon hannu su zama ba su taɓa ganin baƙin mai ba, tsumman kuma wanda ba ya zubar da zare, don ɗan zare ɗaya ya isa ya maƙale bawul a balbodi.

A marar geji akwai noti uku, ka gane su kafin ka taɓa ko ɗaya. Na zubarwa yana ƙasan faranti, wato kaskon da mai ke taruwa a gindin giya, sifana 14. Kusa da shi akwai na awo, wanda alanki 5 ke kwancewa. Na zubawa yana gefen giyar a sama, sifana 24. Wannan na gefen shi za ka fara sassautawa. Dalili kuwa, in ka zubar da mai sannan ka tarar na zubawa ya ƙi kwantuwa ko kansa ya lalace, ka zaunar da motar mutane a ƙauye ba hanyar mayar mata da mai. Ka kuma kula, mai jan ƙafa huɗu tana da ƙaramar giya manne a bayan babbar, da nata notin da nata man daban. An sha zubar da man ɗaya a ɗura sabon mai a ɗayar.

Giyar gaba ɗaya tana ɗaukar wajen lita 10 ko sama da haka, amma abin da zai fito ta notin ƙasa bai wuce lita biyu zuwa huɗu ba. Sauran yana cikin kwambata da hanyoyin sanyaya mai. Wannan kada ya dame ka, ni ma haka na fi so ga motar da ta daɗe ba a taɓa ba. In lita 3 ke fita cikin 10, juye ɗaya ya sabunta kashi 30 cikin ɗari. A yi tafiyar mako biyu ko uku a sake, a kuma sakewa, ka ga kusan kashi biyu cikin uku ya zama sabo, ba tare da an girgiza dattin da ya kwanta ba. Masu cewa a ɗura fetur ko kalanzir a wanke cikin giya, ka toshe kunnenka.

Ka tara man a roba mai tsabta, ka juye shi a jarkar da ka yi wa alamar lita, ka san adadin da ya fito daidai. Sannan ka tsaya ka dube shi, nan ne karatun yake. Ka ɗiga kaɗan a farar takarda ka ɗaga ta a rana. Ja ko ja mai duhu, lafiya. Ruwan ƙasa mai duhu amma ba wari, ya tsufa ne, ka zo a kan lokaci. Baƙi mai warin ƙuna, faibobi sun sha wuta, ka kira ni kafin ka ci gaba. In kuma ka gan shi ya yi fari-fari kamar an zuba madara a zoɓo, ruwa ya shiga. Ko dai bututun da ke cikin lagireto ya fashe ruwan inji ya haɗu da man giya, ko kuma an kutsa da ita cikin ruwa da damina ya shiga ta hancin numfashin giyar. Kawu na bin hanyoyin fadama, ka tambaye shi ko ta taɓa nutsewa har cikinta. Ruwa yana ɓamɓare fatar faiba daga ƙarfenta, juye ɗaya ba ya maganinsa, kuma in lagireto ne ba a canza shi ba, sabon man ma haka zai koma.

Cire faranti a wannan karon ban ba ka shawara ba, sai in ka tafi da sabon fakin, wato shimfiɗar bakin faranti mai hana yoyo, da sabuwar matata. In ka cire, za ka tarar da maganaɗisu a ciki. Laka mai laushi launin toka a jikinsu ba komai ba ce. Ɓarɓashin ƙarfe da kake ji a yatsa, ko mai walƙiya launin tagulla, shi ne labari mara daɗi. Ƙananan notocin farantin kuma da tausayi ake ɗaure su, a zagaya ana tsallakawa, don jikin giyar alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfin saurayi. Notin zubarwa a sa masa sabuwar washa.

Yanzu ma'auni. A mai geji abin da sauƙi. Ka mayar da adadin da ya fito ta bututun gejin, ka tayar da mota, ƙafa a kan birki ka bi da ita P, R, N, D da sauran kana ɗan tsayawa a kowanne, ka dawo P. A yi tafiya ta yi zafi, a tsaya a daidaitaccen wuri, inji na aiki ka zaro sanda ka goge ka mayar ka sake zarowa. Man ya tsaya cikin alamar zafi. Kada ka ce bari in ƙara mata kaɗan don alheri. In ya yi yawa, abubuwan da ke juyawa suna kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse faiba, sai zamewa da zafi, har ya yi amai ta sama.

Marar geji ita ce mai shari'a. Ana auna ta ne da notin alanki, inji na aiki a sulo, giya a P, kuma man yana cikin wani zafi da aka ƙayyade. A mai lamba shida tsakanin digiri 35 ne zuwa 45. Mai yana kumbura in ya yi zafi. In ka buɗe notin awo yana da zafi fiye da haka, zai zubar da fiye da kima, ka rufe kana murna alhali ka bar ta da yunwa. In da sanyi ka auna, ka cika ta fiye da ƙa'ida. In kuma inji a kashe ka buɗe, man da ya kamata ya kasance yana zagayawa ya dawo faranti, zai kwararo da yawa. Waɗanda kawu ya gani a waya a ƙasar sanyi suke, suna tayar da mota su zauna jiran mai ya ɗumama. Mu nan a watan Afrilu, da azahar iskar gari kanta ta haura 40, motar da ke tsaye a rana ta riga ta shiga ma'aunin tun ba a tayar da ita ba, minti kaɗan ta wuce shi. Shi ya sa ka ga irin wannan aikin ina sa a kawo mota ta kwana a gareji, mu yi shi bayan sallar asuba. Da hunturu ne kawai muke samun sararin jira.

Yadda ake yi, kwamfutar binciken mota na jone tana nuna zafin man giya. Da ya shiga ma'auni sai a buɗe notin awo. In ba abin da ya fito, a ƙara ta gefe har ya fara zuba. In ya zubo, a jira ya koma siririn zare yana shirin ɗiga, a rufe. Hannunka na kusa da salansa mai zafi a lokacin, ka sa doguwar riga.

Kai ba ka da kwamfuta a Gujungu, kuma ba zan ba ka tawa ka tafi da ita ba. Don haka in marar geji ce, abin da za ka yi shi ne, ka bar motar ta kwana, da sassafe tsohon mai da sabo suna sanyi ɗaya, ka zubar, ka auna, ka mayar da daidai abin da ya fito, kada ka taɓa notin alanki. Wannan yana aiki ne in dama ma'auninta daidai yake, don haka ka leƙa ƙarƙashi tukuna. In ka ga jiƙa a bakin faranti, ko inda giya ta haɗu da inji, ko a tiyon da ke zuwa lagireto, to ta yi ta rage mai, mayar da abin da ya fito ba zai cika ta ba. Ko ta yaya dai, ranar da ya shigo Ringim ya biyo ya bar ta ta kwana, da asuba mu daidaita ma'aunin, aikin minti ashirin ne.

Ka gaya wa kawu kuma, tunda lodi yake yi a yashi da zafin nan namu, kada ya saurari masu cewa man WS na har abada ne. Ni masu irin aikinsa ina sa su juye tsakanin kilomita 40,000 zuwa 60,000. In ya shiga yashi mai zurfi da kaya, ya sa ta a ƙaramar lamba maimakon ya bar ta a D yana danna totur, don a nan kwambata ke dafa mai. Ka rubuta lambar kilomita da ranar juyen a takarda ka sa a aljihun gaban mota. Tsohon man kada a zubar kusa da rijiya ko inda dabbobi ke kiwo, ka rufe shi a jarka ka taho da shi, ka ɗebo mini kaɗan daban a kwalba mai haske in gani kafin mu sa ranar juye na biyu.